ITACEN WANKA

Shafi na 31

Masu turo min saƙo cewa Safara'u ta cika taurin kai, na ji ku. Ku dai karanta na yau tukun, sai ku dawo mu yi ta.

*

Tun da suka fito daga Gyaɗi-Gyaɗi Mukhtar yake bitar yadda zai faɗa wa Hajiyarsa maganar.

"Zan fara da cewa biza ta fito. A'a, gara in ce Allah ya amsa addu'ar da take yi mana. Ya kika gani?"

"Duk wanda ka fara da shi daidai ne, Yaya."

Safara'u ta ba shi amsa fuskarta na wajen taga, tana tsotsar 'yar tsamiyar da ta ɓoye a kumatu. Jakarta na kan cinya, ta riƙe ta da hannu biyu. Fasfo ɗinta na ciki.

Shekara uku ta yi tana bin tafiyar nan. Ta faɗi jarrabawar Turanci, ta sake zama ta ci. Ta ci ta aikin jinya. Yanzu ga wani asibiti a Ingila ya ɗauke ta nas a ɗakin haihuwa, irin aikin da take yi a nan. Tsarin da suka yi da mijinta mai sauƙi ne: ita ta fara yin gaba ƙarshen watan nan, in ta kama ɗaki ta zauna daram, shi ya ajiye aikinsa na ɗakin gwaje-gwaje ya bi ta.

Abin da babu a tsarin shi ne cikin da ke jikinta. Ya shiga wata na huɗu, kuma mai cikin bai sani ba.

Ni dai Mukhtar tausayi yake ba ni. Mutumin da kullum ake jere masa 'yan kwalabe a gabansa ya duba ya ce wance tana da ciki, wance babu, shi ne a gidansa aka ce masa olsa ce ya yarda. Ba wauta ba ce, yarda ce. Bai taɓa kawo wa ransa cewa Safara'u za ta dube shi ta faɗa masa abin da ba shi ba.

"Kin yi shiru," in ji shi.

"Zafi ne."

"Ki more shi. In kin je can har mafarkinsa za ki riƙa yi."

Ya yi dariya. Ta taya shi da baki kawai.

Ana gab da kiran la'asar ya tsaya a ƙofar gidan Hajiya Kande a Tarauni. Gari ya yi luf, ko ganye ba ya motsi, gabas ta fara haɗa hadari.

Suna wuce soro suka shiga tsakar gida, Mukhtar ya ja ya tsaya.

Faskare ne jibge a jikin katanga, an jera shi tsaf har ya kusa taɓo tagar ɗakin girki. Gefensa ga wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe a kife, sabuwa fil, gindinta bai taɓa ganin wuta ba. A gidan da rabon a hura itace tun da likita ya hana Hajiya shaƙar hayaƙi aka koma gas.

Kallo ɗaya Safara'u ta yi wa itacen da tukunyar ta gane. Saura kaɗan ta haɗiye ƙwallon tsamiyar.

Hajiya na zaune a baranda kan tabarma tana tsinke zogale a tire. Safara'u ta cire takalmi ta durƙusa.

"Ina wuni, Hajiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Tashi, tashi, bar wannan dogon durƙuson. Kai, miƙo mata kujerar can mai jingina."

"Kai" ɗin Mukhtar ne. Ɗan fari ne, don haka Hajiya ba ta kama sunansa. Tun da Safara'u ta shigo dangin, daga "kai" sai "yaron nan" take ji.

Ya kawo kujerar, ya gaishe da mahaifiyarsa, idonsa na kan katanga.

"Hajiya, biki za a yi a gidan nan ba mu da labari? Wannan uban itace fa?"

Hajiya ta ɗago ta dube shi, ta tuntsire da dariya har tiren na neman zamewa daga cinyarta.

"Ji min ja'iri. Wai biki."

"Allah da gaske nake."

"Marke ne, ba irin tarkacen nan da ke cinyewa kamar takarda ba. Na ce gara in saya tun damina ba ta kankama ba, in ya jiƙe sai hayaƙi. Ai a wuyanmu yake, dangin miji ke kai itace. In lokaci ya yi a loda a mota a kai Hotoro wajen mahaifiyarta."

"A kai Hotoro a yi me da shi?"

Safara'u ta sunkuyar da kai. 

"Kai, ya isa haka," in ji Hajiya, tana share hawayen dariya da gefen mayafi. "Na ji, ka iya kunya. Har Hajiya Hauwa, mahaifiyar 'yar nan, sai da na ba wa labarinka, na ce yaron nan duk bokonsa bai rasa ta ido ba. Yana shigowa gidan nan yana fita, ko da wasa bai taɓa ɗaga min maganar ba. Haka marigayi ya yi, har aka haihu yana yi kamar bai san da zancen ba. To madalla. Amma ruwan wankan jego ba da kunya ake dafa shi ba, da itace ake dafa shi."

Mukullin motar da Mukhtar ke juyawa a yatsa ya tsaya.

Hajiya ba ta lura ba, ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

"Ni tun ranar da ta zo ina kaɗa miyar kuka na gane. Ƙamshin daddawa na bugun hancinta ta fita da gudu. Da ta dawo na dubi wuyanta, na ce to, alhamdulillahi. Na kama bakina na yi shiru, tunda ku ma kun yi."

Sai a lokacin ta ɗago ta dubi ɗanta. Hannunta ya ɗan dakata a kan tiren.

Mukhtar bai kalli matarsa ba. Ya gyara tsugunonsa ya ce, "Haka ne, Hajiya. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma."

Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Safara'u ta so a ce ihu ya yi.

Ladan ya kwaɗa kira a masallacin bayan layi. Mukhtar ya miƙe ya ɗauki buta.

"Ka ce min a waya kuna tafe da magana," in ji Hajiya.

"Bari a yi sallah tukun."

Ya fita.

*

Safara'u ta idar da sallarta a baranda, ta kasa tashi daga kan dardumar. Hajiya ta shige ɗaki, in ta zauna lazimi kuwa sai an manta da ita.

Ta zuba wa itacen ido.

Abin dariya, ita ce duk ranar awo take tsayawa gaban mata tana musu faɗa. Ban da tafasasshen ruwa, a sirka shi. Ban da labta kanwa a kunu, tana taɓa zuciya. Har tsofaffin da ke rako 'ya'yansu sun sa mata suna Sista Ban-da. Da wani ya tambaye ta jiya, da ta ce ita ko ganyen darbejiya ba za a tsoma mata a ruwa ba.

Amma yau da ta ga faskaren nan a jere, sai duk wannan faɗan ya fice mata a rai. Wata ta zauna ta yi tunanin kwana arba'in ɗinta tun ita ba ta yi ba. Ta zaɓi itace mai kyau, ta sa an jera mata. A garin da za ta je, wanda ta sani kaf bai wuce matar da ta yi mata tambayoyi ta bidiyo ba.

Ta ji sallamarsa. Bai ƙaraso tsakar gida ba, daga bakin soro ya tsaya.

"Safara'u. Zo."

Ɗakinsa na samartaka a jikin soron yake. Yanzu ya zama wajen ajiye tarkace: tsohuwar fanka, buhunan da ba kowa ya san me ke ciki ba, littattafansa na makaranta sun yi ƙura. Ya tura ƙofar, bai rufe duka ba.

"Wata nawa?"

"Yaya, ka zauna mana."

"Wata nawa, Safara'u?"

"Ya shiga na huɗu."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar sakamakon wani baƙo aka miƙo masa.

"Olsar ke nan."

Ta kawar da kai.

"Da ƙafata na je na sayo miki maganin. Kin sha?"

"Ban sha ba. Yana cikin durowa."

"To alhamdulillahi. Ko ba komai kin san aikinki." Ya shafa fuskarsa. Can ya ɗago da sauri. "Hoton ƙirjin da aka yi miki na biza fa? Da cikin kika tsaya gaban na'ura?"

"Na faɗa musu. Sun rufe min cikin da rigar dalma kafin su ɗauka."

"Kin faɗa musu."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Mai ɗaukar hoto ya sani. Hajiya ta sani. Inna ta Hotoro ta sani. Ina jin mai itacen ma ya sani. Ni kuma ranar ina waje cikin mota ina jiran ki, har da sayo miki yogot mai sanyi saboda olsa."

"Yaya, don Allah..."

"Yaushe kika yi niyyar gaya min?"

Ƙarya ta zo mata har baki. Ta ce yau, ta ce da daddare, ta ce jira take su dawo daga nan. Da ya yarda kuwa, don shi haka yake. Wannan ne ya sa ta kasa.

"In na sauka."

"In kin sauka."

"E."

"A waya. Ki kira ni daga wata ƙasa ki ce albishirinka."

Hawaye ya taru a idonta, amma Safara'u ba mai saurin sakin kuka ba ce. In ta ji an matse ta, baki take buɗewa.

"Da na faɗa maka, da ka bar ni na tafi?"

"Kin tambaye ni?"

"Na san ka."

"Cewa na yi kin tambaye ni?"

"Ban tambaye ka ba! Don na san abin da zai biyo baya. Ba za ka ce kar in tafi ba, ba halinka ba ne. Cewa za ka yi a bari in haihu. In na haihu a ce a bari a yi arba'in. In an yi arba'in a ce yaro ya yi ƙanƙanta, a bari a yaye. Ka san Sista Jummai ta ɗakinmu?"

"Me ya kawo Sista Jummai nan?"

"Ita ta fara koya min karɓar haihuwa. Ta samu irin wannan damar tun ina makaranta. Aka ce ta bari ta yaye. Yanzu 'ya'yanta huɗu, ta fara lissafin ritaya. Har yau in wata a cikinmu za ta tafi, ita ke haɗa mata yaji da kuka a leda, ta raka ta har bakin mota tana dariya. In ta dawo sai ta shige ɗakin canza kaya ta daɗe. Ni ba na so in zama mai haɗa wa mutane yaji, Yaya."

"Sai ki ɗauki ɗana ki tsallaka da shi ban sani ba."

"Namu ne."

"Yau ya zama namu. Jiya naki ne ke kaɗai."

Wannan ta shige ta. Ta jingina da bango, ta goge idonta da bayan hannu.

"To na ji, na yi laifi. Ban tambaye ka ba. Yanzu ga ni na tambaya. Ga ni, ga ciki, ga biza a jaka. In tafi?"

Mukhtar ya buɗe baki. Ya dubi jakar, ya dubi gaban hijabinta inda har yanzu babu abin da ya nuna. Ya rufe bakin.

"Ka gani," ta ce a hankali.

Ya janyo wani buhu ya zauna a kai, ƙura ta tashi.

"Wa kika sani a can?"

"Zan san mutane."

"Takarduna ko farawa ba a yi ba, sai kin kama aiki. Ba mu san wata nawa za su ci ba. Ranar da naƙuda ta kama ki, wa zai kai ki asibiti? In aka haihu ban iso ba, wa zai yi masa kiran sallah a kunne? Wa zai tauna masa dabino? Ko suna ma ta waya za a yi, ni ina nan riƙe da rago, ɗa yana can?"

"Can ma ana haihuwa. Aikina ke nan."

"Aikinki ki karɓi ta wasu. Taki wa zai karɓa?"

"Kana tsammani ban yi wannan tunanin ba?" Muryarta ta karye. "Kullum da shi nake kwana nake tashi. Tsoro nake ji, Yaya, wallahi tsoro nake ji. Amma sun ce gurbin na wannan zangon ne. In na ce su jira ni, ba lalle su jira ba. Jarrabawar ma tana da wa'adi, in ya wuce sai na sake daga farko. Kuma ai saboda yaron ne..."

"A'a. Kar ki sa shi a ciki. Tun ba a san da shi ba kike son tafiyar nan, kuma ba laifi ba ne. Ni ma ina so. Wa ya riƙa yi miki tambayoyin jarrabawa kina wanke-wanke?"

"Kai ne."

"To."

Iska ta fara kaɗawa a waje, wata leda ta shigo soron tana birgima.

"Kin san abin da ya fi ci min rai?" ya ce, idonsa a ƙasa. "Ba tafiyar ba ce. Kullum da asuba ina jin ƙarar famfo a banɗaki, ya daɗe yana zuba. Na ɗauka wanka kike. Ashe amai kike yi, kika saki ruwa don kar in ji. Ina kwance taku kaɗan daga inda kike. Ko sannu ba ki bar ni na yi miki ba."

Nan kam kukan ya ƙwace mata. Ta toshe baki da hijabi don kar Hajiya ta ji.

Bai rarrashe ta ba, bai kuma ƙara mata ba. Ya bari sai da ta tsagaita.

"A gaban mahaifinki na ba ki izinin tafiyar nan, kuma ban janye ba. Ba zan ce ki zauna ba. In na ce, duk ranar da aiki ya yi miki zafi a garin nan fuskata za ki kalla, ni kuma ba zan iya zama da wannan kallon ba. Ba kuma zan ce ki tafi ba, don bakina ba zai iya furtawa ba."

"To ya kake so in yi?"

"Kin yanke na farko ke kaɗai. Ki ƙarasa."

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Abu ɗaya dai. Jawabin da na taho ina bita a mota, na fasa. Matar nan ta sayi itace. In tafiya za ki yi, ke za ki faɗa mata da bakinki."

"Yaya, surukata ce fa! Ta ina zan fara? In dubi idonta in yi maganar ciki?"

"Yadda kika faɗa wa mai hoto."

Ya buɗe ƙofar ya fita.

*

Kafin su dawo baranda hadarin ya taso sosai, rabin sama ya yi baƙi. Hajiya ta fito, ta kwashe shanyarta, ta ajiye kwano a gaban kujerar Safara'u.

"Kwaɗon zogale ne, da ƙuli da tumatir. Ban sa komai mai ƙauri ba. Ci."

Safara'u ba ta hau kujerar ba. Ta zauna a gefen tabarma ta naɗe ƙafa, jakar na jikinta. Mukhtar ya tsuguna can nesa kusa da turmi.

Hajiya ta dubi idon surukarta da ya yi ja, ta dubi ɗanta. Ba ta tambayi komai ba.

"To, ina jin ku."

"Safara'u ce ke da magana, Hajiya."

Safara'u ta gyara zama. Mata nawa ta tsaya a kansu tana ba su umarni da tsawa, yunƙura, kar ki tsaya, amma yau ta rasa ta inda za ta kamo kalma ɗaya.

"Hajiya... dama... maganar aikin nan ne da aka taɓa yi miki..."

"Na Ingila," in ji Hajiya. "Biza ta fito. Ƙarshen wata."

Daga Safara'u har Mukhtar suka ɗago a tare.

"Na sani, 'yar nan. Ranar da na je Hotoro, zuwa na yi in kai wa mahaifiyarki albishir. Ban gama zama ba ta riga ni da nata, wai kin kira ta kin ce biza ta fito. Ni da ciki a bakina, ita da biza a nata. Da muka haɗa biyun, sai muka zauna muna kallon juna, shayin da ta kawo min har ya huce."

Ta ture tiren zogalen gefe.

"Ke ma'aikaciyar asibiti ce, amma a garin nan kika tashi. Wa kika taɓa gani ya sayi itacen wanka ciki bai kai wata bakwai ba? Ba damina na guda ba. Ni surukarki ce, ba hurumina ba ne in tare ki in ce kar ki je neman abin kanki. Ke ma kunya ba za ta bar ki ki yi musu da ni ba, sai ki ce to, ki tafi da abin a ranki. Shi ne na ce bari in ajiye abin da zai yi magana a madadina. Ki shigo ki gani, ki san akwai masu jiran ranar nan."

Iska ta ɗaga gefen tabarmar, Hajiya ta danne da ƙafa.

"Abu ɗaya ne ban lissafa ba. Na ɗauka bakinku ɗaya, ku biyu kuka ƙulla. Sai da na gama surutuna na ɗago na ga fuskar Mukhtar."

Sunan ya fito daga bakinta a hankali, kamar wanda aka daɗe da ajiyewa a ƙasan akwati. Safara'u ba ta taɓa ji ba. Ta saci kallon mijinta, ta ga ya kawar da kai wajen katanga yana ƙifta ido.

"Na tona ki ban sani ba," in ji Hajiya. "Wannan ki yafe min."

"Hajiya, ni ce zan..."

"Bari. Abin da ke tsakaninki da mijinki ku je gida ku gyara, ba na shiga. Kuma ba zan ce miki zama ya fi ba. Na ga waɗanda suka zauna suka yi nadama, na ga waɗanda suka tafi suka yi. In kin tafi, addu'ata na bin ki, ba zan rage ko ɗaya ba."

Aka yi wata tsawa can nesa wajen Unguwar Gano. Ɗigon farko ya bugi kwanon baranda, na biyu ya biyo shi.

Hajiya ta dubi sama, ta dubi itacenta.

"Na san ba za ki iya faɗa min da baki ba, ni ma ba na son ji da baki. Ga ruwa nan ya zo. Akwai tamfol a soro, bayan ƙofa, ba shi da nauyi. In kina nan, tashi ki ɗauko a rufe itacen nan kar ya jiƙe. In kuma tafiya ce, ki bar shi ruwa ya dake shi, in ya sha iska na raba wa maƙwabta. Ba wanda zai ƙara tayar miki da zancen."

Mukhtar ya yunƙura zai miƙe.

"Kai, zauna. Ba kai na aika ba."

Ya koma ya tsuguna.

Yayyafin ya fara ƙarfi. Faskaren da ke sama ya soma canza launi, ɗigo-ɗigo, ƙamshin jiƙaƙƙen marke ya taso ya cika tsakar gidan. Ruwa na buga gindin sabuwar tukunyar yana ƙara.

Safara'u ta dubi mijinta. Ƙasa yake kallo, ya ƙi ba ta ko ƙwayar ido da za ta karanta. Ta dubi Hajiya. Ita ma ta ɗauki carbinta ta maida hankali kansa kamar ba ita ta yi maganar ba.

Ba wanda zai ɗauke mata.

Ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta zura takalmanta. Ta gyara zaman jakar a kafaɗa, ta ratsa ruwan ta nufi soro.

Tamfol ɗin a soro yake. Ƙofar fita ma a soro take.